Kafin Murjani Ya Koɗe

A shekarar da soja suka miƙa mulki, duk wanda yake da baki a birnin Kano sai da ya buɗe shi. Masu shayi sun zama masana tsarin mulki, 'yan acaɓa suna naɗa kwamishinoni suna saukewa, ko a zauren gidan Hajiya 'Yardada da ke lungun bayan Ƙofar Wambai, samari kan zauna su yi ta musun siyasa har a kira magariba. Mutum ɗaya ce a gidan nan ba a yarda ta ɗaga murya ba, wato Zubaida, domin tana takaba.

Mijinta, Malam Muttaka, malamin jami'a ne da ya bar ƙasar tun lokacin da faɗin gaskiya yake kai mutum gidan yari. Shi da ita suka yi shekaru a gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan, suna binciken murjani. Da aka ce soja za su koma bariki, sai ya ce su zo gida ya gaida mahaifiyarsa, su ɗan huta su koma bakin aiki. Ashe ajali ne ya kira shi. Zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin a gama cewa a canza asibiti, an sallace shi a ƙofar gida. Zubaida ta zauna takaba a ɗakin da suka sauka, a ƙarƙashin idon surukarta.

Ita kuwa Hajiya 'Yardada, tun ranar da aka fita da gawar ɗanta babu wanda ya ga hawayenta. Ta haɗiye, ta ɗaure fuska, duk baƙin cikinta ta juye shi a kan takabar nan. Abin da addini ya ce, ta riƙe: ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba kwana a wani gida. Abin da tsofaffi suka ƙara ma ta riƙe, har ya fi na addinin yawa. Mai takaba ba ta leƙa zaure, ba ta sauri, ba ta dariya a ji, in za ta yi magana sai ƙasa-ƙasa. A wurin Hajiya, wannan shi ne mutunci na ƙarshe da ya rage a yi wa ɗanta, kuma wallahi ba ta da niyyar a rage masa ko ƙwayar gero. Zubaida ba ta taɓa musa mata ba. Tana jin nauyin tsohuwar, tana kuma tausayinta, ga shi ita ma ba ta da marmarin ganin kowa.

Sai dai akwai abin da ya hana ta sukuni, kuma a can cikin teku yake.

In ka ce murjani a gidan nan, abin da kowa ya sani shi ne jan dutsen da ake shiryawa a zare a rataya a wuya. Ba wanda ya taɓa tunanin danginsa halitta ce mai rai. To, mai rai ne. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da suke gina wa kansu gidan dutse a ƙarƙashin ruwa, gida a kan gida, har ya zama tsauni, kifaye su samu wurin haihuwa, masunta su samu abin kai wa iyali. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ce take ciyar da su, ita ce kuma take ba su launi. In ruwa ya ɗumama ya wuce yadda suka saba, ya kuma daɗe a haka, sai murjanin ya fitar da gansakukar nan daga jikinsa, ya koɗe, ya yi fari fat. Daga nan yunwa ce, in zafin bai sauka ba sai mutuwa.

A shekarar da ta gabata Zubaida da mijinta sun ga wannan da idonsu. Teku ya yi zafin da tsofaffin masunta ba su taɓa gani ba, wuraren da suke nutso a cikin ja da kore da shuɗi suka koma kamar an watsa musu farar ƙasa. Muttaka ya yi kuka a cikin kwalekwale, bai ɓoye ba. Bayan zafin ya wuce, sai suka bi suna neman 'yan rassan da suka tsira, suna tsinkowa ɗaya-ɗaya, suna ɗaurawa a kan wasu gadajen ƙarfe da suka kafa a inda ruwa bai yi zurfi ba. Burinsu waɗannan masu taurin ran su girma, su zama iri, a sake dasa inda ya mutu. Da za su taho Kano, suka bar gadajen a hannun Isyaku, mai nutson da yake musu aiki, jikan Hausawan da suka tafi Makka a ƙafa suka yada zango a Sudan ba su dawo ba. Muttaka ya ja masa kunne sosai: kada kowa ya taɓa gadajen nan sai ya dawo.

Shi Muttaka gwanin nutso ne, amma hasashen ranar da murjani zai koɗe, wannan fagen Zubaida ne. Ƙawarta Lami, da take koyarwa a jami'a, ita take samo mata awon zafin teku da tauraron ɗan Adam yake ɗauka, ta kawo mata in ta zo gaishe ta. Zubaida kan shimfiɗa tabarma bayan sallar walaha, ta zauna ta yi ta lissafi. Ba zafin yini ɗaya take dubawa ba, wannan ba ya kashe komai. Taruwar zafin take bi, yadda ɗan ƙarin yau yake hawa kan na jiya, mako bayan mako, kamar tukunyar da aka manta a kan garwashi. Tana kuma duba iska, domin iska ce take motsa ruwa ta kawo mai sanyi daga ƙasa.

Da watan Agusta ya kama, ana tafka ruwan sama a Kano har indararo yana kuka, lissafin Zubaida ya nuna mata abin da ta fi tsoro. Zafi yana taruwa a daidai inda gadajen suke, iska kuma ta kwanta. Ta sake lissafin, ta sake, tana fatan ta kama kanta da kuskure, ba ta kama ba. In abin ya ci gaba a haka, kafin wata ya mutu rassan nan za su koɗe, kuma masu ƙanƙanta irinsu, da ba su gama farfaɗowa daga wahalar bara ba, ba lalle su ɗauki ta biyu ba. Mafita ɗaya ce: a kwance gadajen a saukar da su can ƙasa inda ruwa ya fi sanyi, rana kuma ba ta dukansu kai tsaye. Aikin kwanaki ne, kuma yana da hatsarinsa, don reshe kan karye a wurin ɗauka. In hasashenta bai tabbata ba, ta jawo asara a banza. Ta kwana biyu tana juya abin a ranta, sannan ta yanke: a sauke su.

To, ta yaya saƙon zai isa? Wurin da suke binciken a Sudan ba shi da waya. Isyaku dai kan je wani ofishi a bakin tashar jiragen ruwa duk ranar Alhamis bayan azahar, ya zauna kusa da wayar wurin ko za a neme shi. A nan Kano kuma sai an je shagon buga waya a cikin kasuwar Ƙofar Wambai. Ita kuwa ko zaure ba ta leƙawa.

Sai ta kira Gwadabe, ƙanin mijinta, mai sayar da yadi. Gwadabe mutumin kirki ne, ba a raba shi da fara'a, kuma in ana neman wanda ya iya gaisuwa a unguwar nan, an same shi. Ta zaunar da shi a bakin ƙofar ɗaki, ta yi masa bayani dalla-dalla: ya gaya wa Isyaku zafi yana zuwa, murjanin zai mutu, a sauke gadajen cikin makon nan. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ai wannan ƙaramin aiki ne.

Ranar Alhamis da la'asar ya dawo yana murmushi, ya ce an samu layi da ƙyar, amma an yi magana. Isyaku yana yi mata gaisuwa, yana ƙara yi musu ta'aziyya, iyalinsa lafiya, an ma yi masa haihuwa. Ta tambaye shi batun gadaje. Ya ce ya faɗa. Ta ce me ya faɗa, ya maimaita mata yadda ya ce.

Gwadabe ya sosa ƙeya. Ya ce, to, ya ce masa matar Yaya ta ce a riƙa kula da kayan nan, ana ɗan zafi, Allah ya kiyaye. Isyaku kuma ya amsa da cewa komai lafiya, launinsu ma gwanin kyau.

Kai, ran Zubaida ya ɓaci ƙwarai. Ta tambaye shi, da muryar nan tata ta ƙasa-ƙasa, me ya hana shi cewa za su mutu.

"Haba matar Yaya," in ji Gwadabe. "Ni in buɗe baki in ce abu mai rai zai mutu a wata kaza? Ai wannan mugun fata ne. Gidan nan bai ishe mu da mutuwa ba?"

Ka ji fa. Ba sakaci ya yi ba, ladabi ya yi. An haife shi an raine shi a inda ba a yi wa abu mugun baki, in za a faɗi sharri sai an naɗe shi cikin addu'a har ya ɓace. Rabin lokacin wayar ya tafi a gaisuwa, sauran rabin ya tafi a sassauta magana, saƙon da ya isa Sudan bai tayar da ko kaza ba. Zubaida ta gane ko sau goma ta aike shi, haka zai yi, kuma mako guda ya riga ya salwanta. Lami ma ba za ta yi ba, Isyaku bai san ta ba, ba zai karya umarnin Malam don maganar baƙuwa ba. Takabarta kuwa da sauran fiye da wata, murjani ba zai jira ta ba.

Lami ta sake kawo sabon awo ranar Talata. Zafin ya ƙara hawa.

Ranar Laraba da hantsi Zubaida ta shiga ɗakin surukarta, ta durƙusa, ta gaishe ta. Hajiya tana zaune a kan buzu tana jan carbi. Zubaida ta yi mata bayani tun daga farko: yadda ɗanta ya yi ta nutso yana tsinto rassan nan, yadda ya ɗaura su da hannunsa, da abin da zai same su. Ta ce ta san mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, ta dawo ta kwana a ɗakinta, kuma wannan lalura ce. Tana neman izini ta je shagon waya gobe.

Hajiya ba ta ɗago kai ba. Ta ce ita ba ta san wani murjani mai rai ba, abin da ta sani shi ne ɗanta yana kwance a kabari, matarsa kuma ko wata uku ba ta cika ba tana so ta ratsa kasuwa. Me mutane za su ce? Su ce bokon ya cinye ta, ko su ce uwarsa ba ta iya riƙe gida ba? Sannan ta tambaya, ita Zubaida wa ya sanar da ita gaibu da har take yanke wa halittar Allah ranar mutuwa.

"Ba gaibu ba ne, Hajiya," in ji Zubaida. "In kika ga hadari ya haɗo daga gabas, kina sa a kwashe shanya. Nawa hadarin a lissafi nake ganinsa. Allah yana iya watsa shi, ina ma roƙon ya watsa. Amma ba zan bar shanyar a waje ba."

Tsohuwa ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce ba ta ba da izini ba.

Zubaida ta sunkuyar da kai, don tun da ta shigo dangin nan ba ta taɓa ƙetare maganar matar nan ba. Ta ce, "Ki gafarce ni, Hajiya. Gobe bayan azahar zan je." Ta tashi ta fita.

Washegari an wayi gari da yayyafi, lungu ya caɓe. Da aka idar da azahar, Zubaida ta zura hijabinta mai kauri, ta sa silifa, ta nufi zaure. Samarin da suke musu a kan wanda ya kamata a ba shugabancin ƙaramar hukuma suka yi tsit, suka janye ƙafafu. Ba ta yi nisa ba ta ji takun mutum a bayanta. Hajiya 'Yardada ce, da mayafi da lema, fuskar nan a murtuke. Ba ta ce ta yarda ba, cewa ta yi mai takabar ɗanta ba za ta ratsa kasuwa ita kaɗai kamar marar gata ba. Haka suka tafi, suna tsallake kwatami, suna raɓa 'yan gwanjo da masu robobi. Waɗanda suka san gidan suna gaida Hajiya suna satar kallon Zubaida.

Shagon wayar ɗan ƙarami ne, ƙofarsa a buɗe take ga kasuwa, ga benci cike da 'yan kasuwa masu jiran layi. Da suka ga tsohuwa da mace cikin shigar takaba, suka matsa, suka ce a fara sallamar su. Mai shagon ya yi ta juya lamba, layi yana shiga yana faɗuwa. Zubaida tana tsaye tana addu'a kada Isyaku ya gaji ya tafi. Da ƙyar aka samu, aka miƙa mata kan wayar.

Abin da ta fara ji shi ne shuuu, kamar ana zuba tsakuwa a kwano, sannan muryar Isyaku can nesa. Ta yi sallama yadda bakinta ya saba a watannin nan, a hankali. Bai ji ba. Yana ta tambayar wane ne. Mai shagon ya raɗa mata cewa layin waje in ana ruwa sai an ɗaga murya sosai. Ta waiwaya ta dubi Hajiya, wadda ta zauna a ƙarshen benci ta kafa mata ido. Sannan ta juya ta fuskanci bango, ta buɗe murya.

"Isyaku, Zubaida ce."

Ya gane ta, ya fara jero ta'aziyya da Hausarsa mai gauraye da Larabci. Ta katse shi, abin da ba ta taɓa yi wa babba ba. Ta ce ya saurara, layi ba shi da tabbas. Ta gaya masa zafi ya taru ya kai inda murjani ba zai ɗauka ba, iska ba za ta zo da wuri ba, ya nemi kwalekwale da mutane, su sauke gadajen zuwa gindin tsaunin nan na gabas inda suka taɓa auna sanyin ruwa. Duk wannan da ƙarfi take faɗa, har mai sayar da bokiti a maƙwabta ya daina ciniki ya leƙo.

Isyaku ya ce shi fa jiya ma ya nutsa, launinsu lafiya lau. Ta ce in ya jira sai ya ga fari da idonsa, an makara. Sai ya faɗi abin da yake ransa. Ya ce Malam ya riƙe hannunsa a bakin ruwa, ya ce kada a taɓa sai ya dawo. Shi amana aka ba shi, ba zai ci amanar Malam ba.

Layin ya fara yankewa yana dawowa. Tun ranar da abin ya faru, kalmar rasuwar nan ba ta taɓa fita daga bakin Zubaida ba. Mutane ne suke faɗa, ita tana amsawa da amin. Ta riƙe kan wayar da hannu biyu.

"Malam ya rasu, Isyaku. Ba zai dawo ba. Ka ji ni? Ya rasu, ba zai dawo ba! Ni ce na rage, ni kuma nake ce maka ka sauke su."

Shagon ya yi tsit, har bakin ƙofa. Ba abin da ake ji sai yayyafi a kan kwano. Daga can ɗaya ɓangaren ma shiru, har ta ɗauka layin ya tafi. Sai ta ji Isyaku yana jan hanci. Ya ce, gaskiya ruwan ya yi ɗumi kwanan nan, in ya nutsa kamar ruwan wankan jego, kuma teku ya kwanta ko motsi babu, shi ma abin yana damunsa, ya rasa wanda zai gaya wa. Ya ce gobe in an sauko daga masallaci zai tara mutane, da asubar Asabar su fara da gadajen da suka fi kusa da sama. Ta sa shi ya maimaita wurin da za a kai su, ya maimaita daidai. Suna cikin haka layin ya ɗauke.

Ta ajiye kan wayar. Sai yanzu kunya ta rufe ta. Ta yi ihu a tsakiyar kasuwa, cikin takaba, a gaban maza, kuma abin da ta yi ihun da shi, a kunnen uwar da ta haife shi ta yi. Ta juyo a hankali, ta shirya karɓar duk abin da zai biyo baya.

Hajiya 'Yardada tana nan a ƙarshen benci, lema ta faɗi a gefenta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. Matar da ta binne ɗanta ido a bushe, ga ta tana kuka a shagon waya, kuka mai sauti, ba ta damu da wanda yake kallo ba. 'Yan kasuwar suka sunkuyar da kai, ɗaya bayan ɗaya suka zame suka fita waje cikin yayyafi.

Zubaida ta durƙusa a gabanta a kan simintin da ya jiƙe, ta ce ta yafe mata. Tsohuwa ta daɗe kafin ta sauke mayafin, ta share fuska da gefensa.

"Mutumin can zai sauke su?"

"Zai sauke, Hajiya. Jibi za su fara."

Hajiya ta dafa kafaɗar Zubaida ta miƙe, ba ta kuma saki kafaɗar ba.

"To, ranar Alhamis ma sai mu dawo ki ji yadda aka yi," in ji ta. "Kada ki bari su ma su mutu."